Takardar da Kawu Ya Bari a Durowar Ƙasa

Ranar da muka binne Kawu, takalma sun cika barandar hawa na tara tun daga ƙofar gidansa har bakin lifta. Ban taɓa sanin Hausawan Kuala Lumpur sun kai yawan haka ba. Na Pantai Dalam sun tako da ƙafa, na Wangsa Maju sun biyo jirgin ƙasa, har da waɗanda ba ka ganin ƙeyarsu sai ranar idi. Duk wanda ya shigo ni yake nema, domin ko da yake garin nan kowa Kawu yake ce masa, ni kaɗai ne ya zama kawuna na jini. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta."

"Da godiya. Allah ya ba da lada."

Haka na yi ta maimaitawa har bakina ya bushe. Wani dattijo da ya zo karatun shari'a da furfurarsa ya zauna kusa da ni, ya nisa ya ce, "To bana wa zai duba mana bakin san layya?" Mutane suka yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba ta koma hawaye. Mai mamak, wato shagon shayi da abinci na ƙasan bene, wani Ba'indiye Musulmi da ya shekara da shekaru yana haɗa wa Kawu shayi ba sukari, ya hawo da kansa ɗauke da manyan fulas biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a yi masa izini ya ga kujerar da mamacin yake zama. Ya dube ta, ya shafa fuska, ya sauka. Kak ma ta zo, wata Bamalayiya mai kula da ɗakin bincikenmu a jami'a, wadda kowa ke kira da wannan suna na babbar yaya. Ta zauna cikin mata wajen Inna, matar Kawu, da za ta tafi ta sa aka kira ni, ta damƙa mini makullan kabad ɗinsa na ofis. Ta dube ni fiye da yadda ake duban mai karɓar gaisuwa.

Ni kuwa duk wannan zaman hannuna na hagu yana cikin aljihu, yana murza wata 'yar takarda da aka naɗe gida huɗu. Gara in faɗa tun yanzu, don kada a ɗauka ɗan kirki ne ke rubuta wannan ta'aziyya. Fiye da wata huɗu na yi ina gaba da Kawu kafin ya rasu. A makonni ukun ƙarshe na riga na san shi ne da gaskiya, magana ɗaya ce tak ta rage in je in faɗa masa, kuma ban je ba.

Mu zuriyar mahauta ne. Umma, mahaifiyata, ba ta son a yi ta yayata wannan a cikin mutane, shi kuwa Kawu da shi yake buɗe hira. Ko gaban manyan malaman jami'a ne sai ya ce, "Ni ɗan fawa ne, digiri daga baya ya same ni." Tun yana ƙarami kakanmu ke jan sa zuwa kara, ya buɗe masa bakin sa ko na rago ya ce ya faɗi shekarunsa, in ya kuskure ya sha ranƙwashi. Da wannan ranƙwashin ya shiga makarantar likitan dabbobi, da shi ya zama malamin sassan jikin dabba. Shekara biyu aka ce ya zo ya koyar a Malesiya. Ana cikin haka wani ya kawo masa faranti cike da tsofaffin haƙora da aka tono a cikin kogo, ya ce ko zai iya gane masu su. Inna takan ce tun daga ranar ta san ta yi sallama da Kano, ta aika aka kawo mata sauran tukwanenta.

Aikin nasa ba shi da wani kwarjini in ka gan shi. A duwatsun farar ƙasa da ke kewaye da birnin nan akwai koguna, a jikin bangonsu da ƙarƙashin kashin jemage akwai haƙoran dabbobin da suka mutu tun kafin a san za a yi gari a wurin. Haƙora kawai, da wuya ka sami ƙashi. Kawu ya ce laifin beguwa ne: ita ke jan ƙasusuwa zuwa kogo ta yi ta gurgura, ta cinye ƙashi, ta cinye saiwar haƙori, sai kan haƙorin da ya fi ƙarfinta ta bar mana. Yakan kira ta "abokiyar aikina marar albashi", yana yi mata godiya yana zagin ta a numfashi ɗaya. Daga waɗannan 'yan guntaye yake gane barewa, da karkanda, da beyar, da orangutan, jan birin nan da yanzu babu shi a dazukan wannan yanki amma haƙoransa na nan suna shaida cewa ya zauna.

Sai kuma babban da kowa ke mafarki, wani ƙaton goggon biri da ya ƙare a duniya tun da daɗewa, wanda masana ke cewa ba a san birin da ya kai shi girma ba. Ba wanda ya taɓa ganin ƙashin hannunsa ko na ƙafarsa. Haƙora ne da 'yan muƙamuƙai, mafi yawansu daga kogunan kudancin Sin. A iya sanina ba a taɓa samun nasa a wannan yanki ba. Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin bincikenmu da shi yake kwana da shi yake tashi, ni ma da shi na zo a raina. Kawu kuwa bai damu da shi can ba. Abin da ya dame shi dajin ne: wane irin daji ne ya iya ciyar da halitta mai wannan girma, kuma me ya sami dajin har ya kasa. Yakan ce, "Ku bar babban mutum ya huta. Ku tambayi ƙananan da suka zauna tare da shi. In masu cin ganye da 'ya'yan itace suka yi yawa, dajin a rufe yake. In masu cin ciyawa suka fara yawa, to sarari ya fara shigowa. Su za su gaya muku yadda gidan yake." Mu dai mukan gyaɗa kai, zuciyarmu na wajen babban mutum.

Yana da ɗabi'u da suka ishi kowa. Ba ya rubuta sunan haƙori da biro, sai da fensir, wai don ya bar wa kansa hanyar tuba. Kuma ba ya rubutawa ranar da aka samo shi. Duk zumuɗin da ka zo da shi, zai juya abin a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya miƙo maka ya ce, "Ajiye shi ya kwana." Cin abinci da shi kuwa sai mai haƙuri. Za a kawo miyar ƙashi, kowa na sha, shi yana ɗaga ƙashi sama yana bayanin daga ina ya fito a jikin akuya da kuma ko ta sha wuya a rayuwa. Inna ta ce masa sau ba adadi, "Malam, don Allah ka bar baƙi su ci abinci." Yakan ce to, ya ajiye, bayan loma biyu ya ɗauko wani. In kana yi masa magana ma ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo. Mutum uku na sani da ya tura wajen likitan haƙori kafin su kansu su ji ciwo.

Duk sabon ɗalibin da ya sauka daga gida, Kawu zai ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa kasuwar Masjid India, ba don yadi ko hula ba. Laima yake fara saya masa. Ni ma haka ya yi mini, rana tsaka, sama fes ba ko gajimare. Na ce, "Kawu, ai ba damina ba ce." Ya ce, "Nan ba su da wani lokaci sai ita." Ba mu kai tasha ba ruwa ya kece. Ya dai buɗe tasa yana murmushi.

Maganar sa da dattijon nan ya yi ita ce ta layya. Kowace Babbar Sallah ɗalibai kan haɗu bakwai bakwai su yanka sa, kuma ba a sayen sa sai Kawu ya sa hannu a bakinsa. Wata shekara aka nuna mana wani ƙato mai sheƙi a wata gona bayan gari, kowa ya yaba, mai gonar yana ta rantsuwa ya kai. Kawu ya naɗe hannun riga, ya kama leɓen san ya leƙa, ya ce, "Wannan yaro ne, ƙiba ce kawai. Haƙoran nono ne a bakinsa." Mai gonar ya ce, "Boleh lah, boleh," wato zai yi mana. Kawu ya ce masa da Malayancinsa mai ɗanɗanon Kano cewa ba boleh ba. Ya zagaya ya zaɓo wani ramamme marar fasali, ya ce wannan ne ya cika shekaru. Mun yi ta gunaguni a mota saboda naman da muka yi hasara, shi kuwa ya ce mu ibada muka zo yi ko kilishi.

To a cikin kabad ɗin ɗakin bincike akwai durowa ta can ƙasa, wadda ke ɗauke da haƙora da muƙamuƙan aladen daji na wannan zamani, don a riƙa gwadawa da na kogo. Mu Hausawan wurin ba ma buɗe ta. Ba wanda ya hana mu, ba kuma wanda ya ce mu yi hakan. Mun dai taso ba mu taɓa ganin cikin bakin alade ba, ko sunansa aka ambata sai mun yamutsa fuska. Abin takaicin shi ne, a kogunan nan haƙoran alade na cikin waɗanda suka fi yawa. In muna tankaɗe ƙasar kogo muka ga mai ƙuraje ƙuraje a kai, mun san shi ne, sai mu ture shi da bakin cokali zuwa wani faranti mu bar wa Kak. Ita ma Musulma ce, amma takan sa safar hannu ta yi aikinta, ta wanke hannu da wani sabulun yumɓu da ta ajiye a bakin famfo. Kawu ya sha yi mana faɗa. "Ci aka ce ku yi? Kallo ne. Allah ne ya halicce shi, ya zuba shi a dajin nan fiye da kowa. Ku sa safa ku duba, ku wanke hannu." Mukan ce to Kawu, mu wuce durowar kamar ba mu gan ta ba. Shi kansa ya gaya mini sai da ya yi mako guda yana kewaya ta a farkon zuwansa, kafin ya ga cewa duk abin da kakanmu ya koya masa a kara ya tsaya ne a kan dabbar da ake yankawa.

A shekarata ta biyu na samo haƙorin. Muna tsugune a bakin wani kogo da hantsi, gumi na ɗiga daga haɓata cikin rariya, sai ga shi. Turmi ne, irin haƙoran ciki na tauna, babba, mai kauri, kansa ya suɗe ya yi sumul, gefe ɗaya ya karye. Babu ƙuraje ko ɗaya. Ya fi na orangutan girma nesa ba kusa ba. Na ce a raina na babban mutum ne. Kafin mu sauko daga dutsen na riga na ɗauki hoto na tura gida, Umma ta yi ta sa albarka ba tare da ta san mene ne ba. Kafin magariba labari ya zaga Pantai Dalam, ina shiga mamak abokai suka miƙe suna ce mini Farfesa. Na ce su bari, amma ban so su bari ba.

Kawu ya karɓa ya juya, ya murza da babban yatsa, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya ce, "Ajiye shi ya kwana."

Washegari na zo da taƙaitaccen bayanin da zan aika taron masana, na riga na rubuta sunan Kawu a bayan nawa. Malamin da ke duba aikina masanin duwatsu ne, ya gaya mini a fili cewa haƙori ba fanninsa ba ne, in Kawu ya sa hannu shi ma zai sa. Kawu ya karanta a tsaye, Kak na gefe tana wanke kwalabe, ɗalibai biyu na zaune.

"Ka buɗe durowar ƙasa?" ya tambaye ni.

"Me zan yi a can, Kawu?"

"Ka je ka gaishe su. Ɗan'uwansu ka samo."

Na ɗauka wasa yake. Ya ce ba wasa ba ne. Turmin ƙarshe ne na tsohon aladen daji, rabin gaba, shekaru sun cinye ƙurajen har ya yi sumul. Ya ce na san haƙorin alade yana saurayi ne kawai, don shi kaɗai nake turewa da cokali, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake tsufa ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye. Wannan dariyar ce ta kwance mini kai.

Na ce, "Kawu, da girmanka, nan ba kara ba ce. Zamanin murza haƙori da yatsa ya wuce, yanzu akwai na'ura. Ba komai ake koya a mayanka ba."

Kak ta kashe famfo. Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba, kuma ni ne na sa ta yi. Ya ce, "Gaskiya ne, ba komai ba. Amma ita ma na'urar sai an nuna mata alade kafin ta san alade." Ya ɗauki fensir ya ja layi ɗaya a kan sunansa, ya miƙo mini takardata.

Daga nan na ɗauke ƙafa. Kowace Juma'a bayan masallaci a gidansa nake cin tuwo tun zuwana ƙasar, na daina. In mun haɗu a baranda in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, in wuce. Na gaya wa kaina baƙin ciki yake yi, ya shekara ashirin yana tonon koguna bai samu ba, ɗan ƙanwarsa ya zo jiya ya samu. Har na faɗa wa wasu hakan, Allah ya yafe mini. Umma ta kira ta ce, "Yayan nawa kake wa gaba a ƙasar mutane? Uban wa gare ka a can in ba shi ba?" Na ce mata harkar ilimi ce, ba za ta gane ba. Ta kashe wayar.

Na ƙudura sai na kai haƙorin an ɗauki hoton cikinsa da na'ura, in kawo sakamakon in ajiye masa a tebur. Na yi watanni ina jiran layi. Da ranata ta matso, matar da ke kula da na'urar ta ce in haɗo da haƙoran da za a gwada shi da su, ta lissafo orangutan, ta lissafo aladen daji, ta ce a samo tsoho wanda ya suɗe. Na tsaya ina kallon ta. Ta ce ai haka ake yi, in ba haka ba da me na'urar za ta kwatanta.

Na zaɓi lokacin da na san Kawu yana aji. Na sa safar hannu biyu biyu, na durƙusa, na jawo durowar. Muƙamuƙai ne a jere, daga na jarirai a dama har zuwa na tsofaffi a hagu, kowanne da 'yar takardarsa da fensir, da rubutun nan nasa mai kwanciya gefe. Shekarun da ya yi yana tsara su ban sani ba. A can wajen tsofaffin na ga wata takarda daban, a naɗe gida huɗu, an soke ta a ƙarƙashin wani muƙamuƙi. Na buɗe.

"Sannu da zuwa, ɗana. Duba na uku daga hagu."

Na ɗauko nawa na kanga da turmin ƙarshe na na ukun. Suka zauna da juna kamar tukunya da murfinta. Kaurin ɗaya, sumul ɗin ɗaya, har wani ɗan lanƙwasa a gefe da na yi wata huɗu ina cewa shi ne babbar hujjata. Na daɗe a durƙushe. Na soke takardar a aljihu, na rufe durowar, na je bakin famfo na yi ta wanke hannu da sabulun Kak har yatsuna suka yi fari. Ba ƙazantar alade nake wankewa ba, na sani.

Juma'a ta farko na ce bari in tsara kalmomin da zan faɗa. Ta biyu na je har gindin benen, na shiga lifta, na fito a hawa na tara. Ƙamshin miyar kukar Inna ya cika barandar, ina jin muryarsa a ciki yana yi wa wani baƙo bayanin ƙashi. Na tuna fuskar nan tasa da kalmar mayanka a bakina, na juya na bi matakala na sauka. Ta uku aka yi ruwa, na ce ruwa ne ya hana ni, ni da ke da laimar da ya saya mini. Ranar Laraba da safe ya faɗi a tashar bas yana hanyar zuwa aiki. Kafin in isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka a masallaci. Hannunsa na dama ne ya faɗo a rabona. Babban yatsan nan yana nan da kantarsa, fatar ta yi tauri ta tsage saboda shekarun murza haƙora. Na riƙe shi ina zuba ruwa, na ji baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba, har liman ya dafa ni ya ce in ba wani ya ƙarasa. Ban ba kowa ba.

Ranar uku da la'asar, bayan an watse, na tsaya taya Inna tattara kwanuka. Ita mace ce marar yawan magana, ta shekara arba'in tana sauraron mai yawan magana. Tana goge faranti, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Takardar tana wurinka?"

Kwanon da ke hannuna ya kusa faɗuwa. Na ce, "Wace takarda, Inna?"

"Kai dai ka zauna." Na zauna a ƙasa. Ta ce tun ranar da muka yi rigima ya rubuta ta, kuma kowace Litinin sai ya durƙusa ya jawo durowar ya duba, duk da ciwon gwiwarsa. Ya dawo ya ce mata tana nan. Wata huɗu yana cewa tana nan. "Sai wata Litinin ya shigo da tapau a hannu, abincin saye, shinkafa da kaza, ni da na riga na dafa abinci. Yana ta 'yan waƙe-waƙe kamar yaro. Na ce Malam lafiya? Ya ce takarda ta tafi."

Ta ɗauki wani farantin ta ci gaba da gogewa.

"Tun daga nan kowace Juma'a sai ya ce in ƙara tuwo, in fito da farantinka. Ya zauna har a kira la'asar. Na ce bari in kira shi a waya mana. Ya ce kada ki kira shi, kunya ce ta riƙe shi, ki bar shi ya zo da ƙafarsa."

Na ce, "Inna, maganar da na faɗa masa a gaban mutane fa? Ta mayanka."

Ta ajiye farantin. "Ta yi masa zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu bai yi bayanin ƙashi ko ɗaya ba a gidan nan. Ba don kansa ba, ya ce kakanka ka zaga ba ka sani ba."

"Ya yafe mini?"

"Ban ji ya ce ya yafe ba. Ban kuma taɓa jin ya ce a bi masa hakki ba. Ni dai faranti na ga yana sa a fito da shi."

Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni na yi ya ishe ni, sannan ta ce in tashi in yi alwala lokaci na wucewa.

Da na koma aiki na buɗe kabad ɗin da makullan da Kak ta ba ni, na sami fensirinsa a inda yake ajiyewa, gindinsa duk tabon haƙoransa. Na yanki 'yar takarda na rubuta: aladen daji, tsoho, turmin ƙarshe, rabin gaba. A wajen sunan wanda ya gane shi na rubuta nasa. Kak ta karanta ta kan kafaɗata ta ce, "Ba za ka bar shi ya kwana ba?" Na ce ya kwana wata huɗu, ya isa. Kundin digirina yanzu a kan aladu yake, su da barewa, da abin da suke faɗa game da dajin da ya taɓa rufe wurin da birnin nan yake zaune. Babban mutum na bar shi ya huta. Abokai sun daina ce mini Farfesa, sun samo wani sunan da ba zan rubuta a nan ba, kuma na cancance shi.

Na rubuta wannan ne don waɗanda za su zo bayanmu su sauka a garin nan ba wanda ya saya musu laima, su san an yi wani mutum a hawa na tara. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da kakanmu a inda ba ranƙwashi. Ya ba Inna da Umma haƙurin rashinsa. Wanda duk ya ci tuwon gidan nan ko ya ci naman san da ya zaɓa, ina roƙon ya sa shi a addu'a.

Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, na hau bas zuwa maƙabarta kafin in wuce wajen Inna. Jar ƙasar kabarin ba ta gama kwanciya ba, ruwa ya zaizaye gefe ɗaya, na gyara da hannu. Na yi masa addu'a iya abin da na iya. Sannan na duba hagu da dama, ba kowa sai wani mai yankan ciyawa can nesa. Na tsuguna daidai kansa na ce, "Kawu, na zo da ƙafata. Na makara. Alade ne."